Ciwon Sukari a Zangon Kumasi: Abinci, Ƙiba da Motsa Jiki

1.0 Gabatarwa

Wanda ya yi sammako ya ratsa unguwannin Aboabo da Sabon Zango da Alabar a birnin Kumasi zai tarar da mutane sun yi layi a gaban masu koko da ƙosai, can gaba kuma tukunyar shinkafa da wake tana tururi. Da rana ana cin tuwon zafi da miyar lalo. Da la'asar samari sukan taru a majalisa a ɗora shayin ataya, da dare kuma a koma wa tuwo ko sakwara. Wannan abinci ya yi wa Zango suna a duk faɗin ƙasar Gana, har Tonawa, wato Asantawa, da sauran ƙabilu sukan zo takanas don su saya. Sai dai ciwon sukari ya yawaita a biranen ƙasar, kuma duk wanda likita ya ce yana da shi, tambayar da yake fara yi ita ce, "To, me zan ci ke nan?"

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya. Abin da take son nunawa shi ne mai ciwon sukari a Zango ba ya bukatar wani baƙon abinci mai tsada daga kanti. Abin da ke gabansa shi ne ya gyara gwargwadon abin da yake ci daga abincin da ya saba, ya rage zaƙi, ya ƙara tafiya, ya kuma riƙe maganin asibiti. A wurare da dama an kawo sunan abu yadda ake faɗarsa a Kumasi da yadda ake faɗarsa a Kano, domin amfanin masu nazarin harshe.

2.0 Zango da Mutanensa

Kalmar "zango" tana nufin wurin da ayarin fatake yake sauka ya kwana kafin ya ci gaba da tafiya. A Gana an fi furta ta da "zongo", kuma ta zama sunan unguwar baƙi, galibinsu Musulmi, a kusan kowane gari. A ƙarni na 18 da na 19 fataken Hausa sun riƙa zuwa Gwanja sayen goro. Babbar kasuwarsu ita ce Salaga, mai nisan fiye da kilomita 1,000 daga Kano, kuma a ƙafa ake yin tafiyar, ana kora jakuna, a shafe watanni a hanya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar garin. Bayan Turawan Ingila sun shiga Kumasi a 1896, sun kuma murƙushe boren Yaa Asantewaa a 1900, sai baƙi daga arewa suka yi ta kwararowa birnin, musamman da jirgin ƙasa ya iso a 1903. A littafin da Enid Schildkrout ta wallafa a 1978 a kan Zangon Kumasi, ta nuna yadda Hausawa da Mosawa da Yarabawa da Dagwambawa da Wangarawa da wasunsu suka zauna wuri guda, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su.

Wannan tarihi yana da alaƙa da batun abinci. Fura da tuwo da koko da garin rogo abinci ne na mai aikin ƙarfi, irin su falke da ɗan dako da manomi. Suna da arha, suna cika ciki, suna ba da ƙarfi nan da nan. A yau kuwa da yawa daga jikokin fataken a zaune suke wuni, a rumfar kasuwar Kejetia, ko a kan keken ɗinki, ko a bayan sitiyari. Inda a da ake zuwa a ƙafa, yanzu sai a hau tiro-tiro, wato ƙananan motocin haya, ko kuwa "pragya", keken nan mai ƙafa uku da ake kira "a daidaita sahu" a Kano. Malmalar tuwo tana nan yadda take, an ma ƙara mata lemon kwalba da burodi da farar shinkafa, amma tafiyar da ke ƙone ta ta ragu ƙwarai.

3.0 Mene ne Ciwon Sukari?

Duk abincin da ke da sitaci, kamar masara da gero da shinkafa da rogo da doya da burodi, idan ya narke a ciki yakan koma wani nau'in sukari da ake kira gulukos, ya shiga jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci suna kiranta fankiriyas, wadda ke fitar da sinadarin insulin. Aikin insulin shi ne ya buɗe wa sukarin hanya ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassan jiki, inda za a ƙone shi a sami ƙarfi. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru a jini. Wannan shi ne ciwon sukari, ko ciwon suga. Da harshen Twi ana ce masa "asikyire yareɛ", kuma ma'anar ɗaya ce.

Ciwon ya kasu kashi-kashi. Nau'i na 1 ya fi kama yara da matasa. A nan jiki ya daina yin insulin, saboda haka mai shi ba ya rayuwa sai da allurar insulin, wadda aka gano a birnin Toronto a 1921. Nau'i na 2 shi ne na fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. Ya fi kama manya, kuma yana da alaƙa da gado da ƙiba da yawan zama. Akwai kuma wanda ke bayyana ga mace mai juna biyu. Shi yakan tafi bayan haihuwa, amma yana nuna cewa matar tana cikin haɗarin kamuwa da nau'i na 2 nan gaba. Wannan takarda ta fi mai da hankali ne ga nau'i na 2.

Alamomin ciwon sun haɗa da yawan fitsari, ƙishirwa mai tsanani, kasala, rama ba dalili, gani dishi-dishi, da miki mai ƙin warkewa. Amma mutum yakan yi shekaru da shi bai ji komai ba, don haka gwajin jini ne kawai ke tabbatar da shi. A Gana ana auna sukari da milimol a kowace lita ta jini. Idan aka gwada mutum da safe kafin ya ci komai aka sami 7.0 ko fiye, aka kuma maimaita aka sami haka, to yana da ciwon. Wanda nasa ya tsaya tsakanin 6.1 da 6.9 yana bakin gaɓa. Akwai kuma gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a jini cikin wata 2 zuwa 3 da suka wuce, kuma 6.5 cikin 100 ita ce iyakarsa. Sukarin da ya daɗe da yawa a jini yana lalata jijiyoyi sannu a hankali. Ƙarshensa shi ne makanta, ko ciwon ƙoda har a kai ga wanki, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya, ko yanke ƙafa.

4.0 Yawan Ciwon a Kumasi

Tarayyar ƙungiyoyin ciwon sukari ta duniya, wato IDF, ta ƙiyasta cewa a 2024 manyan mutane miliyan 589 ne ke da ciwon a duniya, kimanin miliyan 25 daga cikinsu a yankin Afirka, inda fiye da kashi 70 cikin 100 ba su san suna da shi ba.

Game da Kumasi kuwa, akwai binciken RODAM da aka gudanar tsakanin 2012 da 2015, aka buga sakamakonsa a 2016. An gwada 'yan Gana fiye da 5,600 masu shekara 25 zuwa 70 a wurare biyar: ƙauyukan jihar Ashanti, da biranen Kumasi da Obuasi, da Amsterdam, da Balin, da Landan. A ƙauye kashi 3.6 cikin 100 na maza da kashi 5.5 na mata ne ke da nau'i na 2. A birni adadin ya kai kashi 10.3 ga maza, 9.2 ga mata, wato daidai da abin da aka samu ga 'yan'uwansu da ke Landan. Ta fuskar ƙiba mai yawa, a ƙauye kashi 8.3 na mata ne ke da ita, a birni kashi 33.9, a Landan kuwa kashi 54.2. Mutanen nan asalinsu ɗaya ne. Abin da ya bambanta su shi ne wurin zama da abinci da irin aikin da suke yi. Unguwannin Zango kuwa a tsakiyar birnin suke.

5.0 Ƙiba da Teɓa

A al'adar Zango, kamar a wurare da yawa na Afirka ta Yamma, ƙiba alama ce ta wadata da kwanciyar hankali. Idan amarya ta yi jiki sai a ce mijinta ya iya riƙo, alhajin da ya ajiye tumbi kuma a ce kasuwa ta yi albarka. Wanda ya rame kuwa sai a shiga tambayarsa ko lafiya. Wannan yana daga cikin abubuwan da ke hana mutane, musamman mata, rage jiki ko da likita ya ba su shawara.

Likitoci suna auna ƙiba ta hanyar raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Alal misali, mace mai nauyin kilo 90 da tsawon mita 1.6, za a raba 90 da 2.56, a sami kusan 35. Daga 25 an shiga ƙiba, daga 30 kuma ƙibar ta yi yawa. Amma kitsen da ya fi haɗari shi ne na ciki, wanda ke lulluɓe hanta da hanji, domin shi ya fi hana insulin aiki. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye tsakanin 2007 da 2008 ya nuna cewa a Kumasi faɗin ƙugu ya fi nauyin jiki nuna haɗarin ciwon. Wannan awo ba ya bukatar sikeli, tef ɗin tela ya isa. Ana so ƙugun namiji kada ya kai santimita 94, na mace kuma kada ya kai 80. Wata hanya mai sauƙi ita ce a auna tsawon mutum da igiya, a ninka ta biyu. Idan ba ta zagaye cikinsa ba, to teɓa ta yi yawa.

Ba a bukatar mutum ya koma siriri kafin ya ga amfani. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka, wanda aka buga a 2002, an ɗauki mutum 3,234 da ke bakin gaɓar ciwon. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, alhali waɗanda aka ba ƙwayar metformin nasu ya ragu da kashi 31. Ga matar nan mai kilo 90, kashi 7 shi ne kilo 6 da ɗan ɗoriya. A Birtaniya kuma, gwajin DiRECT na 2017 ya nuna cewa kashi 46 na masu nau'i na 2 da suka bi tsarin rage nauyi a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, sukarinsu ya koma daidai bayan shekara guda ba tare da magani ba. A cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, adadin ya kai kashi 86. Wannan lafawa ce, domin ciwon yakan dawo idan ƙibar ta dawo.

6.0 Abincin Zango da Yadda Za a Gyara Shi

Ƙa'idar da masana abinci suka fi koyarwa ita ce ta raba faranti. Rabin farantin ya zama ganye da kayan lambu, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko kifi ko ƙwai ko nama, sauran kashi ɗaya cikin huɗun kuma abinci mai sitaci. A yawancin gidaje abin a juye yake, tuwo ne ke cika kwano, miya kuma ta zama abin dangwale.

6.1 Karin Kumallo

Kokon gero mai citta da kanumfari da barkono, wanda duk Gana ta sani da "Hausa koko", an tace dusarsa, saboda haka yana saurin narkewa ya ɗaga sukari. Idan aka zuba masa sukari, aka haɗa da burodi mai zaƙi ko fanke, wanda a Gana ake kira "bofrot", to sitaci ne a kan sitaci. Abin da ya fi shi ne a sha ƙaramin kofi ba sukari, a watsa masa gyaɗa, a haɗa da ƙosai kaɗan, wanda a Kumasi ake ce wa "kose", ko dafaffen ƙwai. Ƙosai na wake ne, amma yana shan mai, don haka tubani da alala, da ake turarawa, sun fi shi.

6.2 Shinkafa da Wake

Sunan "waakye" da 'yan Gana suke kiran wannan abinci daga kalmar "wake" ya samo asali. Ana dafa shi da karan dafi, shi ya sa yake ja. Asalinsa abinci ne mai kyau, domin wake yana rage saurin shigar sukari cikin jini, yana kuma daɗewa a ciki. Matsalar tana ga abin da ake jibga masa: taliya, da garin rogo, da soyayyar agada, wato babbar ayabar nan da ake soyawa. Ke nan an tara sitaci iri huɗu a ganye guda. Mai ciwon sukari sai ya ce a yawaita masa wake, a rage shinkafa, a bar taliya da gari, a sa masa kabeji da latas da ƙwai ko kifi, a kuma tsame masa man da ke saman miya.

6.3 Tuwo da Sakwara

Tuwon zafi, wanda 'yan boko suke taƙaitawa da "TZ", ana tuƙa shi da garin masara haɗe da na rogo. Sakwara kuwa, wato "fufu", rogo ne da agada ake kirɓawa. Ga kuma banku da dokunu, na ƙullun masara. Duk waɗannan ba haramun ba ne ga mai ciwon, amma kada malmalar ta wuce girman dunƙulen hannunsa. Miya ce ya kamata ta yi yawa: lalo, wanda a Gana ake kira "ayoyo", da kuka da kuɓewa da zogale da gauta da ganyen gwaza, wato "kontomire". Tuwon gero ko na dawa da ba a surfe sosai ba ya fi na farin gari. Miyar gyaɗa da ta kwakwar manja suna da maiƙo, kuma giram ɗaya na mai ya ninka giram ɗaya na sitaci fiye da sau biyu wajen sa ƙiba. Tun da hawan jini yakan zo tare da ciwon sukari, sai a rage gishiri da dunƙulen magi da kifin gishiri irin su "koobi" da "momoni", a ƙara daddawa da albasa da citta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda.

A gidan da ake ci a kwano ɗaya, yana da wuya mutum ya san yawan abin da ya ci. Ya kamata a zuba wa mai ciwon nasa daban, ya zauna tare da iyali a ci. Haka kuma cin tuwo mai nauyi da dare a kwanta nan take yana sa a wayi gari sukari ya hau.

6.4 Abin Sha

Nan ne sukari ya fi ɓuya. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙara wa abinci ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum mai lafiya, in da hali ma ya tsaya a 25. Ƙwayar sukari ɗaya tana da kusan giram 4, kwalbar lemo mai mililita 300 kuma tana da fiye da giram 30. Wanda ya jefa ƙwaya 5 a koko, 4 a shayi, ya kuma sha lemo ɗaya, ya doshi giram 70 tun bai taɓa zoɓo ba. Zoɓo, wato "sobolo", da lamurje da fura da "burkina", wadda gero ce da nono, duk da sukari ake sayar da su, haka ma lemon malta da madarar gwangwani mai kauri. Shayin ataya kuwa ba a ma maganarsa. Zuma da rake su ma sukari ne. Za a iya yin zoɓo a gida da citta ba tare da sukari ba, a kuma ci lemu ko gwanda ko kankana daidai misali maimakon a matse ruwansu. A 2023 gwamnatin Gana ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kayan sha masu zaƙi, a shekarar ce kuma ta fitar da jagorar cin abinci ta ƙasa.

7.0 Motsa Jiki

Tsokar da ke aiki tana zuƙar sukari daga jini, kuma bayan an gama motsin jiki yakan ƙara jin maganar insulin har zuwa kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake so kada a tsallake fiye da kwana biyu a jere. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau 5, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau 2. Tafiyar da ake nufi ita ce mai ɗan sauri, wadda mutum zai ji numfashinsa ya ƙaru amma yana iya magana.

Wannan ba ya bukatar kuɗi. Ɗan kasuwa zai iya sauka daga mota kafin a kai tasharsa ya ƙarasa a ƙafa. Mai zuwa masallaci sau biyar zai iya zaɓar wanda ya ɗan fi nisa, ranar Juma'a kuma ya taka zuwa Babban Masallacin Kumasi. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana rage hawan sukarin da ke biyo baya. Matan da ba su saba fita tattaki ba sukan fi jin daɗinsa idan sun haɗu su uku ko huɗu bayan sallar Asuba, kafin rana ta yi zafi, titi ya cika. Shara da wanki da daka da hawa matakala duk suna cikin lissafi. Wanda ya daɗe bai motsa ba sai ya fara da minti 10 ya riƙa ƙarawa, sannu ba ta hana zuwa.

Akwai abubuwa biyu da za a kiyaye. Na farko, mai yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin su glibenclamide, sukarinsa yana iya faɗuwa idan ya yi aiki da yawa ko ya tsallake abinci. Alamun su ne rawar jiki da gumi da jiri da bugun zuciya. Idan awo ya yi ƙasa da 3.9, sai ya sha ƙwayar sukari 4 ko rabin kwalbar lemo, ya sake gwadawa bayan minti 15. Na biyu shi ne ƙafa. Ciwon yana kashe jijiyoyin ji, har mutum ya taka ƙusa ko dutse mai zafi bai sani ba. Lokacin alwala dama ce ta duba ƙafa kullum, a kuma tsane tsakanin yatsu. Kada a yi tafiya ba takalmi, kada kuma a miƙa ƙafa ga masu yawon yankan farce. Duk mikin da ya bayyana, komai ƙanƙantarsa, a kai shi asibiti.

8.0 Azumin Ramadan

A Kumasi azumi yakan kai kimanin awa 13. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, amma da yawa sukan zaɓi su yi. Binciken EPIDIAR, wanda aka yi a ƙasashe 13 a 2001, ya gano cewa kashi 79 cikin 100 na masu nau'i na 2 sun yi azumin aƙalla kwana 15, kuma faɗuwar sukari mai tsanani ta ƙaru sosai a watan. Jagorar da IDF da ƙawancen DAR suka fitar a 2016, suka sabunta a 2021, ta ce mai ciwon ya ga likita makonni kafin watan ya kama, domin a duba ko zai iya, a kuma gyara masa lokacin shan magani. Ta ce gwajin jini a yatsa ba ya karya azumi, kuma wajibi ne a sha ruwa idan awo ya yi ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.6. Masu nau'i na 1 da masu ciwon ƙoda da masu juna biyu suna cikin waɗanda haɗarinsu ya fi yawa.

A wajen buɗa baki, dabino ɗaya ko biyu da ruwa sun isa, sannan a ci abinci daidai misali. Tara koko mai sukari da masa da lemo da tuwo a zama ɗaya shi ke sa wasu su fita watan da ƙarin nauyi. Sahur kuma a jinkirta shi, a sa wake ko ƙwai a ciki. Sallar tarawihi ita ma motsa jiki ce.

9.0 Magani

Abinci da tafiya ba sa maye gurbin magani ga wanda likita ya rubuta masa. Metformin shi ne maganin da aka fi farawa da shi, wasu kuma sukan kai ga insulin, kuma hakan ba alamar ajali ba ce kamar yadda ake tsoro. Asibitin Komfo Anokye yana da cibiya ta musamman don masu ciwon sukari, ana kuma duba su a asibitin gwamnati na Manhyia da ke kusa da unguwannin Zango. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, ta ƙunshi kula da ciwon. Ana so mai shi ya riƙa auna hawan jini, a kuma duba masa ido da ƙoda da ƙafa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Mutane da yawa suna shan shuwaka da zogale da ganyen darbejiya, bisa tunanin cewa ɗaci yana kashe zaƙi. Shuwaka da zogale suna da kyau a miya, amma ba sa warkar da ciwon. Gana tana da cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong ta Akuapem tun 1975, da kuma hukumar kula da abinci da magunguna, amma har yanzu ana tallar jiƙe-jiƙe a mota da kasuwa da sunan waraka. Haɗarin shi ne mutum ya ajiye ƙwayoyinsa ya koma musu, sai ya dawo asibiti ƙoda ta riga ta taɓu. Wanda ke shan wani jiƙo ya gaya wa likitansa.

10.0 Kammalawa

An ga cewa abincin Zango ya taso ne tare da mutanen da ke tafiya da aikin ƙarfi, kuma ciwon sukari ya ƙaru ne da zama ya yi yawa, zaƙi ya yi arha. An ga kuma cewa rage kilo 5 ko 6, da mayar da tuwo girman dunƙulen hannu, da cire sukari daga koko da shayi, da tafiyar minti 30 a yini, suna sauya awon jini ƙwarai. Aikin ya shafi gida gaba ɗaya, domin wadda ke girki da wanda ke ba da kuɗin cefane su ke yanke abin da zai shiga tukunya, kuma tun da ciwon yana bin jini, 'ya'yan gidan su ma za su amfana. Limamai da shugabannin unguwa da ƙungiyoyin mata suna da rawar takawa wajen sauya yadda ake kallon ƙiba. Babban mutumin da ke da teɓa, ko hawan jini, ko wani mai ciwon a danginsa, ya kamata ya je a gwada jininsa ko da yana jin kansa garau.